Janet Lane-Claypon (1877–1967): Likitar da Ta Bi Sawun Sankarar Mama da Alƙaluma

Gabatarwa

A duk lokacin da aka ji likita a rediyo yana cewa shayar da jariri nonon uwa na rage wa mace haɗarin kamuwa da sankarar mama, ko kuma yana gargaɗin mata da su garzaya asibiti da zarar sun ji wani ƙullutu a ƙirjinsu, akan ɗauka cewa magana ce da aka daɗe da sani tun kaka da kakanni. Gaskiyar lamari ita ce, sai da wasu mutane suka zauna suka tattara bayanai, suka ƙirga, suka kwatanta, kafin wannan magana ta zama ilmi tabbatacce. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara wannan aiki wata likita ce 'yar ƙasar Ingila mai suna Janet Elizabeth Lane-Claypon. Wannan maƙala za ta duba rayuwarta da karatunta da irin binciken da ta gudanar, sannan ta nuna yadda aka ci gaba da cin moriyar aikinta bayan ta bar duniya.

Haihuwarta da Karatunta

An haifi Janet Lane-Claypon ranar 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1877 a yankin Lincolnshire da ke gabashin Ingila. Iyayenta masu hali ne, domin mahaifinta harkar banki yake yi. A gida aka koyar da ita karatun farko, kamar yadda aka saba yi wa 'ya'ya mata na masu hannu da shuni a wancan zamani.

Ya kamata mai karatu ya san halin da ilmin mata yake ciki a Ingila a lokacin da aka haife ta. Makarantar Koyon Aikin Likita ta Mata da ke Landan a shekarar 1874 aka buɗe ta, wato shekara 3 kacal kafin haihuwarta. Ita kuwa Jami'ar Landan sai a shekarar 1878 ta amince ta fara ba mata digiri. Saboda haka ƙofar da Janet ta shiga sabuwa ce, kuma mata ƙalilan ne suka riga ta bi ta cikinta.

A shekarar 1898 ta shiga wannan makaranta ta mata. Ta sami digirin farko a fannin kimiyya a shekarar 1902 da sakamako mai daraja ta ɗaya. A shekarar 1905 ta sami digirin dakta a ilmin yadda jikin ɗan Adam da na dabbobi yake aiki, inda ta yi nazari a kan yadda ma'ajiyar ƙwan mace take girma. Daga nan ta kammala karatun likita a shekarar 1907, sannan ta ƙara da babban digirin likitanci a shekarar 1910. Wato ta zama dakta sau biyu, ɗaya a kimiyya, ɗaya a aikin likita.

Aikinta a Ɗakin Gwaji

Farkon bincikenta a ɗakin gwaji ta yi shi, a ƙarƙashin wani shahararren masani mai suna Ernest Starling na Kwalejin Jami'a ta Landan. Wannan masani yana cikin waɗanda suka gano cewa jiki yana da wasu sinadarai da wata gaɓa take fitarwa, jini ya ɗauke su ya kai wa wata gaɓa saƙo. A yau ana kiran waɗannan sinadarai homon, kuma Starling ne ya fara amfani da wannan suna a shekarar 1905.

Tambayar da su biyun suka sa a gaba ita ce: me yake sa nonon mace ya girma idan ta sami ciki? A da wasu masana suna ganin jijiyoyi ne suke kai saƙon. Janet da malaminta suka ɗauki ruwan da suka tace daga jikin 'yan tayin zomo, suka yi wa zomaye mata waɗanda ba su taɓa ɗaukar ciki ba allurarsa. Sai suka ga nonon waɗannan zomaye ya fara girma. A shekarar 1906 suka buga sakamakon, suna masu cewa saƙon sinadari ne yake bin jini. Masanan da suka biyo baya sun gyara wani sashe na bayanin, domin an gano cewa ma'ajiyar ƙwai da mabiyiya da wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa su ne suke fitar da waɗannan sinadarai. Duk da haka, wannan aiki ya ba Janet sanin nono ciki da waje, kuma wannan sani ya yi mata rana bayan shekara 20.

Nonon Uwa da Madarar Shanu

Bayan wannan sai ta koma Cibiyar Lister, wata cibiyar binciken rigakafin cututtuka a Landan. A nan hankalinta ya karkata zuwa ga lafiyar mata da ƙananan yara. A farkon ƙarni na 20 jarirai suna mutuwa da yawa a biranen Turai, kuma gurɓatacciyar madara tana cikin abubuwan da suke jawo hakan. Janet ta zagaya wasu ƙasashen Turai domin ta ga yadda suke kula da masu jego da jariransu.

A shekarar 1912 ta gabatar wa hukuma wani rahoto wanda har yau masana suke ambatonsa. Ta samo takardun awon jarirai daga wani asibitin yara a Balin, babban birnin Jamus. Ta ware jarirai 300 da aka shayar da nonon uwa, da wasu 204 da aka ba dafaffiyar madarar shanu, ta bi nauyinsu tun daga haihuwa har zuwa cikar shekara. Ta gano cewa a cikin watanni 6 zuwa 7 na farko, masu shan nonon uwa sun fi nauyi.

Abin da ya ɗaukaka darajar wannan rahoto shi ne tambayoyin da ta yi wa sakamakon kafin ta amince da shi. Ta farko, ko wannan bambanci dace ne kawai aka yi? Domin ta amsa, ta yi amfani da dabarun lissafin ƙididdiga, har da wata sabuwar dabara ta gwada ƙananan adadi wadda William Gosset ya fito da ita a shekarar 1908. Ta biyu, ko dai iyayen masu shan nono sun fi wadata ne, saboda haka wadatar ce ta sa 'ya'yansu suka fi ƙiba? Sai ta duba abin da iyayen suke samu, ta tabbatar cewa ba shi ne ya haifar da bambancin ba. Wannan salo na ɗaukar rukuni biyu na mutane daga tsofaffin takardu a bi su a ga abin da ya same su, ana lissafa aikinta a cikin na farko-farko da aka yi da shi.

A shekarar 1916 ta wallafa littafi a kan madara da tsaftarta. A wannan shekara kuma aka naɗa ta shugabar sashen koyar da kula da gida da zamantakewa a Kwalejin King ta Mata da ke Landan. Ta riƙe wannan muƙami har zuwa shekarar 1923, kuma a tsakanin nan ta rubuta wasu littattafai biyu a kan lafiyar mata da yara. Haka kuma ta yi fafutukar a inganta horon da ake ba ungozomomi domin a rage mutuwar mata wajen haihuwa.

Komawarta ga Binciken Sankara

An kafa Ma'aikatar Lafiya ta Ingila a shekarar 1919. A shekarar 1923 ministan lafiya na lokacin, Neville Chamberlain, wanda daga baya ya zama firaminista, ya kafa kwamiti domin ya binciki matsalar ciwon sankara, wato abin da wasu suke kira ciwon daji ko kansa. Aka ɗauko Janet domin ta gudanar da bincike a kan sankarar mama.

A wancan zamani maganin wannan cuta ɗaya ne, wato tiyata. Likitoci suna bin tsarin wani likitan fiɗa Ba'amurke mai suna William Halsted, inda ake cire nonon gaba ɗaya tare da naman ƙirji da kaluluwar hammata. Aiki ne mai tsanani, kuma kowane asibiti yana da nasa labarin nasara. Aikin farko da Janet ta yi shi ne tattara duk rahotannin da likitoci suka buga a ƙasashe daban-daban. A shekarar 1924 ta fito da rahoto wanda ya ƙunshi bayanin mata kimanin 20,000 da aka yi wa wannan tiyata.

Tambaya ta gaba ta fi wuya: me ya sa wata mace take kamuwa, wata kuma ba ta kamuwa? An daɗe ana hasashe. A shekarar 1713 wani likitan ƙasar Italiya mai suna Bernardino Ramazzini ya lura cewa cutar ta yi yawa a tsakanin mata masu zaman zuhudu a coci, waɗanda ba sa aure. A shekarar 1842 wani likitan, Domenico Rigoni-Stern, ya duba rajistar mace-mace ta birnin Verona ya ga alamar haka. Abin da ya rage shi ne a sami hanyar gwada maganar a kan rayayyun mata.

Binciken Shekarar 1926

Dabarar da Janet ta bi mai sauƙin fahimta ce. Ta samo mata 508 masu sankarar mama daga asibitocin Landan da na Gilasgo. Sannan ta samo wasu mata 509 daga asibitoci irin waɗannan, masu kusan shekaru ɗaya da na farko, waɗanda wata cuta daban ce ta kawo su, ba sankara ba. Aka yi wa rukunin biyu tambayoyi iri ɗaya daga takarda ɗaya. An tambaye su shekarunsu, da sana'arsu, da lokacin da suka fara al'ada da lokacin da ta ɗauke, da shekarun da suka yi aure, da yawan 'ya'yan da suka haifa, da tsawon lokacin da suka shayar da kowane ɗa, da ko sun taɓa buguwa ko yin wani ciwo a nono, da kuma ko akwai mai sankara a danginsu.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, sanin halin masu cuta kaɗai ba ya wadatarwa. Idan aka ce yawancin masu cutar suna shan shayi, maganar ba ta da amfani sai an san ko marasa cutar ma haka suke sha. Bambancin da aka samu tsakanin rukunin biyu shi ne yake nuna inda ya kamata a sa ido.

Da aka ƙirga amsoshin, sai aka ga abubuwa huɗu. Matan da ba su taɓa aure ba sun fi yawa a cikin masu cutar. A cikin masu aure, masu cutar sun fi jinkirin yin aure, wanda a wancan zamani yake nufin jinkirin haihuwar fari. Masu cutar ba su kai sauran yawan 'ya'ya ba, ko da an yi la'akari da tsawon zaman aurensu. Sannan waɗanda ba su shayar ba sun fi yawa a cikinsu.

Akwai wani wuri da Janet ta nuna taka-tsantsan ƙwarai. Mata da yawa daga cikin masu cutar sun ce sun taɓa buguwa a nono, fiye da yadda marasa cutar suka faɗa. Wani mai bincike zai iya tsalle ya ce ai buguwa ce take kawo sankara. Ita kuwa sai ta yi nuni da cewa matar da aka cire wa nono za ta yi ta laluben ƙwaƙwalwarta tana neman dalili, har ta tuna ƙaramar buguwar da mai lafiya ta daɗe da mantawa. A yau duk ɗalibin ilmin yaɗuwar cututtuka ana koya masa ya kiyayi wannan tarko na tunawa.

Wannan rahoto na shekarar 1926 shi ne masana da dama suke ɗauka a matsayin bincike na farko na zamani da aka kwatanta masu cuta da marasa ita a bisa tsari. A shekarar 1931 wani likita a Amurka mai suna Wainwright ya maimaita binciken da irin tambayoyinta, kuma ya sami sakamako mai kama da nata.

Muhimmancin Zuwa Asibiti da Wuri

Janet ba ta tsaya a kan musabbabin cutar ba. Ta kuma bi sawun mata kimanin 2,000 da aka yi wa tiyata a asibitocin Ingila, waɗanda aka tabbatar da cutarsu ta hanyar duba tsokar a madubin likita. Ta ƙirga nawa ne suke raye bayan shekara 3, da 5, da 10. Rahoton ya fito a shekarar 1928. Ya nuna cewa matar da aka yi wa aiki tun cutar tana cikin nono kaɗai ta fi samun tsawon rai nesa ba kusa ba, idan aka kwatanta da wadda cutar ta riga ta kai ga kaluluwar hammata ko ta wuce nan. Hausawa sun ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma alƙaluman Janet sun nuna haka abin yake ga wannan cuta. Har ila yau ta rubuta rahotanni a kan sankarar mahaifa, da ta leɓe da harshe da fata.

Aurenta da Ƙarshen Aikinta

A shekarar 1929, tana da shekara 52, Janet ta auri Sir Edward Forber, wani babban jami'i a Ma'aikatar Lafiya. A lokacin akwai doka a aikin gwamnatin Birtaniya wadda ta hana matar aure ci gaba da aiki. Saboda haka dole ta ajiye aikinta, alhali tana kan ganiyar ƙwarewarta. Ba a soke wannan doka ba sai a shekarar 1946. Janet ta koma garin Seaford a bakin teku a kudancin Ingila, inda ta zauna har ta rasu ranar 17 ga watan Yuli na shekarar 1967 tana da shekara 90. Ta bar littattafai 3 da maƙalu da rahotanni kimanin 30. Shekara 38 ta yi a raye bayan barin aiki, kuma a tsawon wannan lokaci sunanta ya kusa ɓacewa daga bakin masana.

Abin da Ya Biyo Bayanta

Hanyar da ta share ba ta mutu ba. A shekarar 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka yi amfani da irin wannan kwatance suka nuna alaƙar shan taba da sankarar huhu. A shekarar 1970 wani bincike da Brian MacMahon ya jagoranta a ƙasashe da dama ya tabbatar cewa shekarun mace a lokacin haihuwar fari suna da tasiri a kan haɗarin sankarar mama. A shekarar 2002 aka haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30, aka gano cewa kowace shekara guda ta shayarwa tana rage haɗarin da kashi 4.3 cikin 100, kowace haihuwa kuma tana rage shi da kimanin kashi 7 cikin 100. A shekarar 2010 wasu masana biyu, David Press da Paul Pharoah, suka ɗauko alƙaluman Janet na shekarar 1926 suka sake lissafa su da dabarun zamani, kuma suka ga sun yi daidai da abin da aka sani a yau.

Maganar gano cuta da wuri ita ma ta yi rassa. A shekarar 1963 aka fara wani babban gwaji a birnin Niyok domin a ga ko ɗaukar hoton nono da na'ura ga mata masu lafiya zai rage mace-mace. A shekarar 1988 Birtaniya ta fara shirin gayyatar mata masu manyan shekaru domin a riƙa yi musu wannan hoto a kai a kai.

A nan akwai abin da ya wajaba a fahimta da kyau. Abubuwan da Janet ta gano suna ƙara haɗari ne ko su rage shi a cikin jama'a masu yawa, ba hukunci ne a kan mace guda ba. Mace mai 'ya'ya 10 wadda ta shayar da su duka tana iya kamuwa, kuma yawancin matan da ba su haihu ba ba sa kamuwa har abada. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa mai cutar laifi, kuma ba daidai ba ne mai 'ya'ya da yawa ta saki jiki.

Kammalawa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka gano suna da sankarar mama a faɗin duniya, kuma kimanin 670,000 suka rasu sanadinta. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma matsalar da likitocinmu suke yawan kuka da ita ita ce, yawancin masu cutar ba sa zuwa asibiti sai ta yi nisa. Wasu tsoron tiyata ne yake hana su, wasu kunya, wasu rashin kuɗi, wasu kuma sukan ɗauka jifa aka yi musu. Wannan ita ce matsalar da Janet ta auna da alƙaluma tun a shekarar 1928.

Mu ɗaliban harshe muna da rawar da za mu taka. Yawancin bayanan lafiya da Turanci ake rubuta su, kuma mata da yawa a kasuwanni da ƙauyuka ba da shi suke magana ba. Wanda ya iya Hausa, ko Yarbanci, ko Ibo, zai iya bayyana wa mace cikin harshen da take ji cewa ƙullutu a nono ko a hammata, ko jini daga kan nono, ko canjin fatar wurin, ko lotsawar kan nono, alamu ne da suke buƙatar likita ya duba ba tare da ɓata lokaci ba, ko da babu zafi. Zai kuma iya kwantar mata da hankali cewa yawancin ƙullutun da ake samu a nono ba sankara ba ne, amma gwaji ne kaɗai yake iya rarrabewa.